Jiki Ya Fi Kunne Ji: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Ilimin Halittu

Zuwa ga malamai masu koyar da ilimin halittu a makarantun sakandare, tare da masu tsara manhaja da masu rubuta littattafan da ake koyarwa da su.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaisuwar ɗalibi ga malamansa. Allah ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan mutane.

Ni ɗaya ne daga cikin waɗanda suka zauna a gabanku suka kwafi jadawalin nan mai gida uku daga allo: sunan gilan (gaɓar jiki mai tsatso sinadari), homon ɗin da yake fitarwa (sinadarin da ke kai saƙo a jiki), sai aikinsa. Fituwitari a gindin ƙwaƙwalwa, tayirod a gaban wuya, fankiriyas a bayan tumbi, adirinal a kan ƙoda. Na haddace shi tsaf, na zuba shi a takardar jarrabawa, aka ba ni maki mai kyau. Har yau in an tashe ni daga barci zan kawo shi ba gargada. Kuma da wannan haddar a kaina na ba yayata shawarar da ta kusa raba ta da ranta. Dalilin wannan wasiƙa ke nan.

Yayata ta daɗe tana fama da ciwon gaɓoɓi. Likita ya rubuta mata ƙwayar firedinisolon, ɗaya daga cikin magungunan da ake kira sitiroyid, ta sha na 'yan kwanaki. Ta ji daɗinsa ƙwarai. Kumburin ya saɓe, ta koma tana durƙusawa ba tare da ta cije leɓe ba. Da ya ƙare sai ta ci gaba da saye tana sha, ba ta koma wurin likita ba, har wajen wata takwas. Ranar da na je gaishe ta na tarar fuskarta ta kewaye kamar wata ɗan daren sha huɗu, ciki ya ajiye teɓa, amma hannuwa da ƙafafu sun sirance. A damtsenta akwai wani wuri da jini ya kwanta, ta ce ita ma ba ta san inda ta buge ba. Na ɗauki kwalin na karanta. Na ce, "Yaya, wannan maganin shi ke kumbura ki. Daga yau kada ki ƙara sha." Ta ce, "To, ai kai ka yi karatun." A gabana ta jefa kwalin cikin durowa ta rufe.

A kwana na uku ta kasa tashi. Amai, jiri, jiki ya saki, in an tayar da ita zaune sai ta ce duhu take gani. A asibiti aka tarar awon hawan jininta ya faɗi ƙasa warwas. Aka ɗaura mata ruwa, aka yi mata allurar haidirokotizon ta jijiya, wato dangin abin da na hana ta sha shi aka mayar mata da gaggawa. Likitar da ta karɓe ta ba ta yi mini faɗa ba. Ta juya bayan wata takarda ta zana da'ira uku, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ta haɗa su da kibiyoyi masu gangarowa. Sannan ta ja wata doguwar kibiya daga da'irar ƙasa ta lanƙwaso ta zuwa sama. Ta ɗora bakin biro a kanta ta ce, "Ka san wannan?" Ban sani ba. Sunayen da ke cikin da'irorin duk na san su. Kibiyar da ta koma baya ce ban taɓa gani a allo ba.

Malamaina, wannan kibiyar nake roƙo ku koyar, domin ita ce ran darasin.

Ga abin da take nufi a jikin yayata. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus yakan aika wa fituwitari saƙo. Fituwitari, wanda girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinsa wajen rabin giram, sai ya saki homon ɗin ACTH cikin jini. Jini ya kai shi ga adirinal guda biyu, kowanne zaune a kan ƙoda kamar hula, su kuma su fitar da kotisol. Kotisol shi ke tallafe hawan jini, ya riƙe suga kada ya faɗi, ya ba jiki ƙarfin jure zazzaɓi da rauni da tiyata. Zuwa nan jadawali ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne, kotisol ɗin da ya shiga jini yakan koma har ƙwaƙwalwa ya ce "ya isa", sai masu kira su sassauta. Ƙwayar da yayata ke sha ta yi kama da kotisol har ƙwaƙwalwa ba ta iya rarrabewa. Kullum sai ta ji jini cike, ta daina kira. Adirinal kuwa da aka daina kira wata da watanni sai ya motse, kamar yadda ƙafar da ta daɗe a ɗauri take fitowa a tsotse. Ranar da na sa aka janye ƙwayar, babu na waje, na cikin kuma bai farka ba. Shi ya sa duk wanda ya wuce kamar mako uku yana shan irin wannan magani ba a yanke masa shi kwatsam. A hankali likita ke rage shi, har gilan ɗin ya farfaɗo.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1855 likitan nan na Landan, Thomas Addison, ya bayyana yadda mutanen da adirinal ɗinsu ya lalace ke narkewa: kasala, rama, fata ta ƙara duhu, daga ƙarshe mutuwa. A 1948 aka fara ba mai ciwon gaɓoɓi kotizon, wani maganin sitiroyid, a Amurka, abin ya zama kamar al'ajabi, har waɗanda suka yi aikin suka karɓi kyautar Nobel a 1950. Maganin mai albarka ne, ya ceci masu asma da ba su ƙidayuwa. Amma yau ɗalibinku da wuya ya gama rayuwarsa bai haɗu da shi ba, a ƙwaya, a allura, ko a man shafawa. Ina ganin haƙƙinsa ne ya bar aji ya san abin da wannan magani ke yi wa kibiyar nan.

Kuma abin ba shi da wuyar nunawa. Ku shigo aji da dutsen guga na lantarki, ku jona shi, ku ce yara su zuba wa 'yar fitilar jikinsa ido. Za ta kama, bayan ɗan lokaci a ji ƙas, ta mutu. In ya huce ta sake kamawa. Ba wanda ya taɓa shi. Zafin da dutsen ya samar shi ne yake komawa ya kashe wutar. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya riga ya gane abin da ke riƙe da suga, da kalsiyam, da ruwan jiki, da zafin jikinsa. Hausawa sun ce jiki ya fi kunne ji, kuma a nan maganar ta zauna daram, domin kowane gilan, kafin ya yi magana, sai ya saurara.

Ku ɗauki tayirod, wannan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke kwance a gaban maƙogwaro. Shi ke saita saurin da jiki ke ƙona makamashi. In ya yi sanyi mutum ya riƙa jin ɗari alhali kowa na gumi, ya yi nauyi, fata ta bushe, bayan gida ya yi wuya, tunani ya yi jinkiri. In ya yi zafi zuciya ta riƙa dukan uku-uku, hannu na rawa, mutum na ci yana ramewa. To sai a aika mara lafiya gwajin jini, sakamako ya fito an rubuta TSH ya hau. Mai haddar jadawali zai ce ai tayirod ne ya yi yawa. Alhali akasin haka ne a mafi yawan lokuta. TSH ba daga tayirod yake fitowa ba, muryar fituwitari ce yana kiran tayirod. Uwa in ta kira yaro ya amsa, ba ta ɗaga murya. Sai ta ji shiru take ƙwala kira. TSH mai yawa ƙwala kira ne, alamar wanda ake kira ya gaza. In kuma tayirod ya zaƙe, fituwitari sai ya yi tsit, a ga TSH ya yi ƙasa. Na ga mai digiri yana riƙe da wannan takarda yana karanta ta a kife, don ba a taɓa nuna masa wa ke kiran wa ba.

Maƙoƙo ma daga nan yake. Tayirod ba ya iya haɗa homon ɗinsa sai da sinadarin aidin, kuma ɗan mitsitsi yake buƙata: maikirogiram 150 a rana ga baligi, 250 ga mai juna biyu. In aidin ya yi ƙaranci homon ya ragu, fituwitari ya yi ta kira ba dare ba rana, tayirod kuma ya yi ta ƙara girma yana neman ya biya buƙata, har ya fito a wuya kowa ya gani. Da ƙasar Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, Amurka ta biyo baya a 1924, maƙoƙo ya ja baya sosai a yankunan da a da ya yi katutu. Abin da ya fi kumburin wuyan tayar da hankali shi ne wanda ba a gani: ƙwaƙwalwar jariri, tun yana ciki har bayan haihuwa, ba ta ginuwa daidai sai da homon ɗin tayirod. Yarinyar da ke zaune a layin baya na ajinku, nan da shekaru kaɗan ita ce mai cikin.

Ina kuma roƙon ku ba yara labarin yadda aka gano waɗannan abubuwa, don labari ya fi jadawali zama a kai. A 1849 wani Bajamushe, Arnold Berthold, ya fiɗiye 'yan zakaru. Waɗanda ya bari haka zankonsu bai girma ba, ba su yi cara irin ta zakaru ba, ba su kula kaji ba, ba su yi faɗa ba. Wasu kuwa ya dasa musu ƙwayar maraina a cikin ciki, nesa da mazauninta, inda babu jijiyar saƙon da ta haɗa ta da komai. Suka tashi zakaru sosai. To ta ina saƙon ya bi? Ku jefa wa aji wannan tambaya ku yi shiru. Wani zai ce ta jini, kuma ya faɗi daidai. A 1902 William Bayliss da Ernest Starling a Landan suka yanke jijiyoyin saƙo na wani yanki na hanjin kare, suka zuba masa ruwa mai tsami irin na tumbi, sai ga fankiriyas yana tsatso ruwansa kamar an taɓa shi. A 1905 Starling ya raɗa wa irin waɗannan 'yan aike suna homon, daga kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa.

Daga nan sai yaro mai kaifin kai ya tambaya: in jini ke ɗauke da saƙon, ai ko'ina yake zuwa, me ya hana ɗan yatsan ƙafa ya amsa kiran da fituwitari ke yi wa tayirod? Amsar ita ce kowane homon yana da makarɓarsa, kuma ƙwayar halittar da ke da wannan makarɓa ita kaɗai ke ji. Kamar a kira suna a cikin taro ne. Sauti ya shiga kunnen kowa, mai sunan ne ya waiwayo.

Wannan ya kawo ni ga ciwon suga, wanda da wuya a sami ajin da babu ɗan gidan mai shi. Duk jinin baligi, wajen lita 5, sugan da ke yawo a cikinsa bai wuce cikin cokalin shayi ɗaya ba, giram 4 zuwa 5. Mutum ya ci ya ƙoshi, ko ya kwana bai ci ba, adadin ba ya nisa da haka. Masu tsaron wannan ma'auni 'yan tsibirai ne kusan miliyan ɗaya warwatse cikin fankiriyas, waɗanda Paul Langerhans ya fara gani a 1869 yana ɗalibi. Suga ya hau, su saki insulin, ya buɗe wa suga ƙofar tsoka da kitse, hanta ta adana saura. Suga ya sauka, su saki gulukagon, hanta ta fito da ajiya. A nau'in ciwon na ɗaya masu yin insulin ɗin ne suka mutu, babu mai kira. A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, ana kiran amma jiki ya kurumce, fankiriyas ya yi ta ɗaga murya shekara da shekaru har ya gaji. Kafin Frederick Banting da Charles Best su tsamo insulin a Toronto a 1921, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ƙirga masa kwana ake yi. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurar, ya kuma rayu shekaru bayan haka. Duk da haka har gobe akwai masu gudun wannan allura, suna ganin in an kai ga ita to an zo ƙarshe. Da sun san abin da jikinsu ke yi tun suna cikin uwa ne ake mayar musu, da tsoron ya ragu.

Sai dai akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe, kuma kibiyar nan ce ke bayyana shi. Insulin ɗin fankiriyas yana da kunne, suga na sauka yake tsayawa. Na sirinji ba shi da kunne. In an yi allura ba a ci abinci ba, zai ci gaba da aikinsa har suga ya faɗi, mutum ya hau gumi da makyarkyata, magana ta harɗe. Ɗalibin da ya gane wannan, in ya ga kakarsa a haka kuma tana iya haɗiya, zai ruga ya kawo mata abu mai zaƙi. Wanda ya haddace "insulin yana rage suga" kawai, tsayawa zai yi yana kallo.

Haka samarin da ke yi wa kansu allurar homon ɗin maza don tsoka ta fito. Fituwitari na jin jini ya cika sai ya daina kiran maraina, su motse, ƙwayoyin haihuwa su ragu. Ya nemi ƙarin mazantaka ya taɓa abin da ya fi tsoron rasawa. Kibiya ɗaya ce da ta yayata, gilan ne kawai ya bambanta.

Akwai wuraren da jiki ke juya dokar, kuma sun cancanci rabin darasi su kaɗai. A naƙuda, kan jariri na danna bakin mahaifa, saƙo ya hau ƙwaƙwalwa, fituwitari ya saki okisitosin, mahaifa ta matsa, kan ya ƙara dannawa, a ƙara sakin homon. A nan kibiyar da ta koma baya "ƙara" take cewa, kuma ba abin da ke tsayar da ita sai fitowar jariri. Tunda na ambaci haihuwa, ku ba ni dama in faɗi abu ɗaya da ke ci mini rai. Fituwitari yakan ƙara girma lokacin ciki. In mace ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, yana iya rasa jinin da zai rayu da shi, wani sashensa ya mutu. Sai nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, kasala ta lulluɓe ta, domin wanda ke kiran tayirod da adirinal da ma'ajiyar ƙwai ya yi shiru gaba ɗaya. Likita Harold Sheehan ya bayyana wannan tun 1937. Mata kan shafe shekaru a haka ana ce musu ragwaye, alhali gwajin jini zai nuna, kuma akwai magani. Jimla uku daga bakin malami sun isa wani ya tuna da wannan ranar da zai gan shi a gidansu.

Ban ce ku goge jadawalin ba. Sai an san sunayen mutane kafin a gane zancen da ke tsakaninsu. Na kuma san manhaja ta cika maƙil, lokaci ba ya isa, aji ya yi yawa, jarrabawa na tafe. Abin da nake nema bai fi darasi ɗaya ko biyu ba. Duk gilan ɗin da kuka rubuta a allo, ku tambayi aji: wa ke kiransa, kuma me ke gaya masa ya isa? Masu tsara jarrabawa, maimakon "kawo homon uku na fituwitari", ku gwada "me zai faru da adirinal ɗin wanda ya shekara yana shan sitiroyid, kuma don me?" Abin da kuka saba tambaya shi malami zai koyar, shi ɗalibi zai karanta. Masu rubuta littattafai kuma, ku buɗe wa jadawalin ƙofa kaɗan, don ƙoda ma tana fitar da homon ɗin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, wanda shi ya sa mai ciwon ƙoda kan rasa jini, kitse ma yana aika wa ƙwaƙwalwa labarin yawansa ta homon ɗin leftin da aka gano a 1994. Sannan ku bar yara su maimaita darasin da harshen da za su kai shi gida. Wanda ya iya bayyana wa mahaifiyarsa abin da ya sa ba a yanke wani magani kwatsam, da kalmomin da za ta gane, shi ne ya fahimta.

Yayata ta tashi, alhamdu lillahi. Sai da aka yi watanni ana rage mata ƙwayar kaɗan-kaɗan kafin adirinal ɗinta ya karɓi aikinsa, fuskarta ta dawo wadda muka sani. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ne ban manta ba. 'Yarta ta fari tana gabanku yanzu, zango mai zuwa za ku iso wannan babi. Na buɗe littafinta na duba. Jadawalin yana nan da gidajensa uku, kibiyar ba ta ciki. Don Allah ku zana mata.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ɗalibinku.